Shin nazarin rarrafe da tatata zai riƙe mutum shekara talatin a jami'a?

Hamma_Tumfure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na jami'a da ma'aikatan asibiti da ke cikin nan. Wanda ya gama digirin farko a ilimin motsa jiki da lafiya, yana son ya zarce har digiri na uku, amma a kan abu ɗaya tak: yadda yaro ke koyon sarrafa jikinsa, tun daga tsayar da wuya, zama, rarrafe, har gudu da jifa da riƙon fensir. Wannan fage ne da zai riƙe mutum har ya yi ritaya a nan Gombe, ko kuwa daga takarda biyu zance ya ƙare? Wasu na cewa ba abin bincike a ciki, wai yaro in lokacinsa ya yi zai miƙe ko an so ko ba a so. In kuma fage ne, ta ina ake kama shi?

Baban_Walida:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayan masu cewa ba komai a ciki. Kakanninmu ba su shiga aji ba, kuma ba mu ga wanda ya yi gemu yana rarrafe ba. A nemi karatun da zai kawo tuwo.

Malam_Kashere:
Baban Walida, abin da ka faɗa shi ne matsayin manyan masana na kusan shekara hamsin, don haka ba kai kaɗai ba ne. Arnold Gesell na Jami'ar Yale ya ɗauki hotunan yara masu yawa tun daga shekarun 1920, ya tsaya a kan cewa ƙwaƙwalwa ce ke nuna kamar yadda mangwaro ke nuna a bishiya, motsi kuma ya biyo baya a jere. Wadda ta girgiza wannan ra'ayi ita ce Esther Thelen ta Jami'ar Indiyana, wadda abin mamaki da nazarin wasu ƙananan ƙwari dangin rina ta fara kafin ta koma kan jarirai. Ga abin da ta kama. Jariri sabon haihuwa in ka riƙe shi a tsaye tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, zai riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya. Wajen wata biyu sai abin ya ɓace. Littattafai suka ce ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne shi. Ita kuwa ta lura jaririn nan in an kwantar da shi rigingine yana ta harbin iska da irin wannan motsin dai. Sai ta ce ko dai cinya ce ta yi kitse fiye da ƙarfin tsoka? Ta tsoma jarirai cikin ruwan ɗumi zuwa ƙirji, takun ya ƙaru. Ta ɗaura wa wasu ɗan nauyi a ƙafa, takun ya ragu. An buga wannan a 1984. Daga nan aka daina kallon tafiya a matsayin abin da ƙwaƙwalwa kaɗai ke sakewa, aka koma duba nauyin jiki da ƙarfin tsoka da irin ƙasar da ake takawa da abin da yaron ke son ya kai gare shi. Hamma, ka lura da kayan aikinta: ruwa, ɗan nauyi, kyamara. Tambayar ce mai tsada, ba injin ba.

Baban_Walida:
To Allah ya gafarta Malam, ko da kitse ko ba kitse ai dai ya yi tafiyar.

Adda_Bolari:
Ya yi, amma yaushe? Nan ne aikin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a Ghana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Ba ta ba da wata guda ba, tazara ta bayar. Zama ba jingina daga wata 3.8 zuwa 9.2. Tsayuwa da dafa abu 4.8 zuwa 11.4. Rarrafe da hannu da gwiwa 5.2 zuwa 13.5. Tafiya da dafa abu 5.9 zuwa 13.7. Tsayuwa shi kaɗai 6.9 zuwa 16.9. Tafiya shi kaɗai 8.2 zuwa 17.6. Wato yaron da ya taka a wata tara da wanda ya kai wata goma sha bakwai duk lafiyarsu ƙalau. Kuma kusan huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, wasu jan gindi suka yi suka miƙe. Abin da ɗalibi zai koya a nan shi ne yadda suka ƙayyade kowane mataki. Ba a rubuta "ya zauna" sai ya yi daƙiƙa goma kansa a miƙe, bai dafa ƙasa ba. Ba a rubuta "ya yi tafiya" sai taku biyar ba mai riƙe shi. Rarrafe sai ciki ya bar ƙasa, ya yi motsi uku a jere. In ka tambayi uwa kawai, tatata biyu da ya yi ya faɗa jikinta ita tuni ta ƙirga.

Baban_Walida:
Kun ga kenan an gama aikin tun 2006. Me ya rage wa Hamma?

Dakta_Jekadafari:
Da saura, Baban Walida, da saura da yawa. Yaran da aka bi a wancan aikin zaɓaɓɓu ne. Na Ghana daga unguwannin masu hali na Accra aka ɗauko su, masu cin mai kyau, masu shan nono yadda ya kamata. An yi haka da gangan don a ga yadda yaro zai kasance in ba abin da ya tauye shi. Bai gaya maka halin da yaron Dukku ko Nafaɗa yake ciki ba, wanda ya yi gudawa sau biyar kafin yaye. Na biyu, matakai shida ne kawai, kuma suna ƙarewa da tafiya. Me ke faruwa daga shekara biyu zuwa goma? Na uku, reno yana sauya lissafi. Charles Super ya zauna cikin ƙabilar Kipsigis a Kenya, ya buga a 1976 cewa yaransu na rigan na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda, amma ba sa rigan su rarrafe. Dalili, iyaye na koyar da zama da gangan, su haƙa ɗan rami su zaunar da yaro su tokare shi, rarrafe kuwa ba a koyar da shi. Yanzu ku dubi gidajenmu. Yaro na wata huɗu Goggo za ta sa shi a daro ko kwali, ta kewaye shi da tsummoki. Wajen wanka a miƙar masa da hannu da ƙafa, a riƙe shi a juya. In ya fara tsayuwa yayyensa su kama hannu suna ta-ta-ta. Wannan makaranta ce sukutum, da darasi da malamai. Wanda zai zauna ya auna ta da agogo, sau nawa a rana, minti nawa, daga wane wata, ya kuma bi yaran ya ga me ta haifar, ya sami aikin shekara goma.

UmmuHaidar:
Dakta, tunda an zo nan, goyo fa? Ana ta yawo da magana wai goyo ke hana yaro tafiya da wuri, wasu kuma su ce shi ke lanƙwasa ƙafa.

Malamar_Fisiyo:
Maman Haidar, na biyun ki ajiye shi gefe. Yadda ake goyo da zani da majanyi, cinyoyi a buɗe, gwiwa a naɗe, shi ne ma zaman da likitocin ƙashi ke so ga ƙugun jariri. Abin da ke ɓata ƙugu shi ne a miƙar da ƙafafu a haɗe a ɗaure tam. Kuma yaron da ke baya ba a kwance yake kamar buhu ba: uwa na daka, tana sunkuyawa, tana juyawa, shi kuma wuyansa da bayansa na ta gyara zama. Inda matsala take shi ne tsawon lokaci. Shawarar Hukumar Lafiya ta 2019 ta ce kada a tsare yaro fiye da awa ɗaya a jere, kuma ta ambaci goyo da sunansa tare da keken turawa da kujerar cin abinci. Ta ce wanda bai fara rarrafe ba a ba shi aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki idonsa biyu, a rarraba su, ba a zama ɗaya ba. Barci kuwa rigingine.

Inna_Kumo:
Awa ɗaya? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa gona da damina ba. Matar da za ta tafi ɗibar ruwa ko ta yini tana roron wake, a ina za ta ajiye shi, cikin cinnaku?

Dakta_Jekadafari:
Inna, maganarki dutse. Kuma ita ce amsar Hamma. An jera goyo da kujerar roba wuri ɗaya, alhali a hankalce ba abu ɗaya ba ne, ɗaya motsi ne ɗaya zaman daɓaro. Wa zai raba su da hujja in ba wanda ke zaune cikin masu goyon ba? A ɗaura wa jariri ɗan na'urar auna motsi a cinya, a rubuta awannin goyo na mako guda, a maimaita duk wata. Ba sai an je Landan ba.

Abba_Bajoga:
Ni keken koyon tafiya nake son a taɓa, wannan mai zagaye da ake zura yaro ciki. Kyautar suna ce yanzu.

Malamar_Fisiyo:
Sunansa ne kawai na koyon tafiya. Yaro na rataye a kan ɗan wando, ba ya ganin ƙafarsa, yana tura ƙasa da yatsu, kuma ba ya faɗuwa balle ya koyi tare kansa. Karen Adolph ta Jami'ar New York ta ƙirga a 2012: yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa a sake, taku 2,368 a awa, faɗuwa 17 a awa. Faɗuwar nan cikin darasin take. Ga kuma haɗari, don keken na kai yaro bakin murhu ko rijiya ko matakala kafin uwa ta waiwayo, kuma yana ɗaga shi ya kai hannu kan flas ɗin ruwan zafi. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Wanda kafinta ke yi na katako mai ƙafa uku da yaro ke turawa daga baya ya fi shi nesa ba kusa ba, don nauyin yaron na kan ƙafarsa. Sai dai a duba kan ƙusa, kuma kada tayar ta yi santsi da yawa a kan siminti, ya gudu ya bar shi ya kifa.

Hamma_Tumfure:
Na gode ƙwarai, ina ta kwasa. Amma a dawo da ni kan hanya: wace ƙofa ake shiga, kuma yaya tsanin yake?

Baffa_Senate:
Ƙofa ba ɗaya ba ce, ƙanena. Akwai ta ilimin motsa jiki, wadda kake kai, kuma Zariya da Bayero da Maiduguri duk suna da sashen. Akwai ta fisiyo, wato masu gashi, amma wannan sai ka koma digirin farko na shekara biyar ko shida, ka yi shekarar horo, ka yi rajista da hukumarsu ta MRTB kafin ka taɓa majiyyaci. Akwai ta likitancin yara, da ta ilimin halayyar ɗan Adam, da ta renon ƙananan yara da ake koyarwa a kwalejojin ilimi. Ka zauna a taka, ka nemi abokin aiki a sauran. Ba ka da hurumin cewa yaro na da cuta, amma awo da tsara bincike naka ne. Tsanin kuwa sananne ne: mataimakin malami, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Tsakanin kowane mataki yawanci shekara uku ne mafi ƙaranci, kuma a yawancin jami'o'i ba ka haura lakcara na ɗaya sai da digiri na uku. Farfesa na ritaya a shekara 70, don haka talatin ɗin da ka ce ma ka rage. In ka sami gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere ko Kwalejin Ilimi ta Fasaha, kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ƙaro karatu da na bincike na ma'aikatan makarantun gwamnati ne, ta nan ake nema. Ga tarkon da zan gaya maka tun yanzu. Kwamitin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa, shi kuwa bin yara daga haihuwa zuwa shekara biyar ba ya haihuwar takarda da wuri. Shi ya sa mutane ke gudu su raba takardar tambayoyi ga malamai ɗari biyu a kan "ra'ayinsu game da muhimmancin wasa", su buga a mujallar da ke karɓar kuɗi ta fitar cikin mako biyu. Haka mutum zai kai farfesa bai taɓa durƙusawa ya kalli yaro na tsalle ba. Dabarar ita ce ka riƙe igiya biyu: dogon aiki ɗaya na bin yara, da ƙananan ayyuka da ke fita daga jikinsa duk shekara.

Koci_Langa:
Bari in ba Hamma ƙaramin aiki na farko. Gwajin da aka fi amfani da shi ga 'yan shekara 3 zuwa 10 shi ne TGMD na Dale Ulrich, ya fara fita a 1985, yanzu ana kan na uku. Abu 13 ake dubawa, shida na tafiyar da jiki kamar gudu da tsallen ƙafa ɗaya da tsallen gaba, bakwai na ƙwallo. Ba nisa ko sauri ake aunawa ba, yadda aka yi motsin ake dubawa. Ɗauki jifa. Yaro ya tsaya kamar mita shida daga bango da ƙwallon tanis. Ka nuna masa sau ɗaya, ya gwada sau ɗaya, sannan biyu na maki. Abu huɗu kake nema: hannu ya fara yin ƙasa da baya, ƙugu da kafaɗa su juya har gefen da ba ya jifa ya fuskanci bango, ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannun jifa, hannun ya bi ƙwallon ya sauka ta ɗaya ƙugun. Kowane ɗaya maki ɗaya ko sifili, gaba ɗaya takwas. In ba ka ce masa "jefa da ƙarfi" ba, zai ɗan cilla ne kawai, ka rubuta bai iya ba alhali ya iya.

Yanzu ga inda ake kwaɓa. Tsallen ƙafa ɗaya: takarda na son ƙafar da ke sama ta riƙa lilo tana ba da ƙarfi, hannaye a lanƙwashe suna kaiwa gaba, tsalle huɗu a jere. Yaron da ya taso da langa kana cewa ɗaga ƙafa zai cafke ta da hannu, don haka ya sani. Zai zagaye filin makaranta a haka bai sauke ba, ya ture na gabansa ma, amma a takarda ya zubar da makin hannu da na lilo. Sannan a miƙa masa sandar ƙwallon Amurka a ce ya doki ƙwallon da ke kan ɗan turke, abin da bai taɓa gani ba ko a talabijin. Ya faɗi. A tara maki a gwada da yaran Amurka, a buga cewa yaranmu na baya. Yarinyar da ke carabke, ta cilla dutse sama ta kwashe huɗu a ƙasa ta cafe na saman, ba inda gwajin ya tambaye ta wannan.

Malama_ECCE:
Koci, ka manta sutura. Yarinya da zani da dogon hijabi ba za ka ga juyawar ƙugu ba, kuma zanin ba zai bar ta ta buɗe taku ba. Sai a ce mata ba su iya gudu ba. A shirya wando mai faɗi da riga, mace ta yi gwajin, a aji ko bayan katanga inda maza ba sa leƙe. Silifas a cire wa kowa ko a bar wa kowa, kada a gauraya. Buga ƙwallo a ƙasa da hannu kuma ba ya yiwuwa a kan rairayi, sai siminti. A watan Maris da Afrilu duk abin da ya wuce ƙarfe goma na safe zafin rana kake aunawa, ba yaro ba.

Koci_Langa:
Haka ne Malama. Ƙari: kada a ba da maki nan take da ido. A kafa waya a kan sanda uku daga gefen hannun jifa, duk jiki ya fito, a ɗauka da saurin hoto 60 a daƙiƙa, a je gida a kalla a hankali. Akwai manhajar Kinovea ta kallon bidiyo a hankali, kyauta ce. Mutum biyu su ba da maki kowa daban, in ba sa dacewa a kusan tara cikin goma a koma horo kafin a ci gaba.

Adda_Bolari:
Duk wannan mai sauƙi ne a kan ranar haihuwa. Ga jariri kuskuren wata biyu ya isa ya mai da lafiyayye mai jinkiri. Katin rigakafi ne madogara ta farko, amma a duba, wani lokaci ranar da aka fara zuwa asibiti aka rubuta. In babu, a yi kalandar gari: kafin azumi ko bayan sallar layya, an yi shuka ko an fara girbin gero, wa aka yi suna tare da shi. Ranar suna in an tuna, a cire kwana bakwai. Bakwaini kuma a cire makonnin da ya rage bai cika ba, har ya kai shekara biyu. Wanda aka haifa saura wata biyu, in yana wata takwas, a auna shi a ɗan wata shida. Shiga gida kuwa, takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba ta buɗe zaure. Sai an bi ta mai unguwa, an sami yardar maigida, kuma mata ne za su shiga. Maganar bidiyo a faɗe ta tun farko, a faɗi wa zai gani da inda za a ajiye. Kuma ka ɗebi yara fiye da yadda lissafi ya ba ka, don wankan gida da ƙaura da mutuwar aure za su kwashe maka wasu kafin shekara.

Malama_ECCE:
Ku ba ni dama in karkata kaɗan, don abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Nazire ana ba ɗan shekara biyu da rabi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 50. Hannun bai kai ba. Yaro na kama abu da babban yatsa da manuni wajen wata tara zuwa goma sha biyu, ya kwafi da'ira a shekara uku, gicciye a huɗu, murabba'i wajen huɗu da rabi zuwa biyar, mai kusurwa uku sai biyar zuwa shida. Wanda bai iya layin karkace ba yaya zai rubuta A ko K? Sai ya damƙe fensir da dukan hannu, ya danna har takarda ta huje, riƙon ya zauna masa. Makarantar allo ta fi mu hankali a nan: malam ke rubuta wa ƙaramin yaro, shi yana bi da yatsa, sai ya yi ƙwari ake ba shi alƙalami da tawada. A ba su ɓarar gyaɗa, zura ƙwallayen carbi a zare, ɗaura maɓalli, murza laka, zane da gawayi a bango.

Baban_Walida:
Wannan kam na yarda. Amma iyaye ne ke cewa in ba a ba da aikin gida ba makarantar ba ta koyarwa.

Dakta_Jekadafari:
Tunda Baban Walida ya fara saukowa, bari in koma kan maganarsa ta farko, cewa ba wanda ya girma yana rarrafe. Akwai su, ɗaki ake rufe su. Wasu a ce ɗan ruwa ne. Mafi yawa abin da asibiti ke kira CP ne, raunin ƙwaƙwalwa daga doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da aka tsaya shanyawa a rana ana ba da ruwan gulukos, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai. Ƙwallayen kafur da ake sawa cikin kayan jariri na iya fasa jinin wasu yaran su jawo shawarar. Alamomin da ba a jira da su: wata huɗu wuya bai tsaya ba, wata tara bai zauna ba, wata 18 bai taka ba, ƙafafu na harɗewa kamar almakashi in an ɗaga shi, ko ya fifita hannu ɗaya kafin ya cika shekara, ɗayan kullum a dunƙule. Wannan ba bahago ba ne, a kai shi. Duk yaron da ya iya abu ya dawo ya daina, ranar za a tafi. Akwai kuma wanda yana tafiyarsa lafiya aka yi masa allura a ɗuwawu ba a daidai ba, ta taɓa babbar jijiya, ƙafa ta saki yana jan ta. Ƙananan yara a cinya ake yi musu. Ga hanyar Prechtl, mai sunan masanin da ya ƙirƙiro ta: bidiyon minti uku zuwa biyar na jariri ɗan wata uku zuwa biyar, rigingine, ba kuka ba abin tsotso, wanda aka horar ya duba wasu ƙananan motsi da lafiyayye ke yi ba tsayawa. Rashinsu na nuna haɗarin CP tun kafin uwa ta ga komai. Waya kawai ake buƙata da horon mai dubawa. Wanda ya haɗa wannan da ranar rigakafin mako 14 ya yi digiri na uku mai amfani.

Malamar_Fisiyo:
Saura lanƙwasar ƙafa da Maman Haidar ta tambaya ɗazu. Ƙafa kamar baka kafin shekara biyu, da ɗan gwame wajen uku zuwa huɗu, duk hanya ce, tana miƙewa wajen bakwai. Wadda ke ƙaruwa, ko gefe ɗaya, ko da kumburin wuyan hannu, ita ce ta laushin ƙashi. Kuma a Jos aka gano, aikin Tom Thacher da abokansa na 1999, cewa a yaranmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne kan gaba, ba rashin rana ba. Ga misalin mutumin da ya zauna wuri ɗaya da tambaya ɗaya har duniya ta gyara littafinta.

Hamma_Tumfure:
To in na fahimta, aikin farko shi ne a fitar da ma'aunin yaran Gombe na kansu, a daina gwada su da na waje?

Malam_Kashere:
A'a, yi a hankali. In ka auna yara dubu alhali da yawansu tamowa da ƙarancin jini sun taɓa su, ka ce wannan ne daidai, ka mai da jinkiri al'ada. Yaron da ya kamata a kai asibiti sai ya fito tsakiyar layi. A gyara kayan gwaji da umarni su dace da mu, amma a bar ma'aunin lafiya inda yake.

Koci_Langa:
Malam, ga zama da tafiya na yarda. Ga jifa da dukan ƙwallo ban yarda ba, don wannan koyo ne, ba abinci ba. A Malawi ai gwajin ci gaban yara nasu suka ƙera, MDAT, aka buga a 2010, abu 136, kuma sun tace yaran da suka auna, sun cire masu tamowa da marasa lafiya. Me zai hana a yi haka a sa langa da carabke da 'yar gala-gala?

Malam_Kashere:
Ba abin da zai hana, sai dai ranar da ka sa langa ba mai iya gwada sakamakonka da na Kenya ko Brazil, kuma mujallun kirki za su tambaya. A yi biyun a kan yara ɗaya, a ga inda suka rabu.

Baffa_Senate:
Wannan aikin mutum biyar ne kuke ɗora wa ɗan digiri na biyu mai wata 18. Ƙanena, makaranta huɗu, biyu cikin gari biyu a ƙauye, 'yan shekara shida zuwa takwas, gwaji ɗaya. Ka fara neman mai duba aikin da zai yarda ka fita fili kafin ka sayi fom.

UmmuHaidar:
Ni har yanzu ba a gaya mini awa nawa zan yi goyo ba.

Malamar_Fisiyo:
Maman Haidar, goya abinki. Duk sanda kika sauke, shimfiɗa tabarma ki kifa shi, ki ajiye murfin kwano ɗan nesa da hannunsa, ki zauna ta gabansa. In ya yi kuka bayan minti biyu ki ɗauka, anjima a sake.

Koci_Langa:
Hamma, in ka tashi fassara umarnin gwajin ka neme ni. Akwai tsalle iri uku a ciki da duk "tsalle" muke ce musu, ɗaya ma sai dai ka ce wa yaro ya yi sukuwar doki. Kuma ka sayi famfon ƙwallo naka, na makaranta kullum a sace yake.